Agogon Soja da Farantin Masara

A gidan da aka kai ni aure a Kafanchan, in ka tambayi ƙarfe nawa ba a ba ka amsa nan take. Sai an ɗaga kai an dubi bango, an sunkuya an dubi wani faranti, an ɗan motsa leɓe, sannan a faɗa maka. Ni kuwa ba wanda ya yi mini wannan bayani kafin a kawo ni. An ja mini kunne cewa surukata ba ta son gishiri da yawa, an ce in shirya wa kukan jirgin ƙasa, amma zancen agogo kowa ya manta.

Shekarar da aka buɗe karatun firamare kyauta ke nan. Ni sabuwar malama ce daga Fadan Kaje, da sabon agogon hannu da kawuna ya ba ni, ina ji da kaina ba kaɗan ba. Maigidana yana koyar da lissafi a sakandare, kowa har uwarsa Ticha yake kiransa. Mu uku ne a gidan: ni, shi, da Mama. Yarena daban, nasu daban, saboda haka da Hausa muke haɗuwa, kowa da irin tasa. Hausar Mama ba ta san mace ba. Ni da matar pasto da tunkiyar gidan duk "kai" ne a wurinta.

Ban cika mako a gidan ba, wata safiya ina sharar falo na ɗaga kai na ga agogon bango yana cewa biyar ta ɗan wuce, alhali rana ta fito, na hannuna yana cewa bakwai. Babban agogo ne na katako, mai ƙarfe yana lilo a cikin gilashi. Na ce ga aikin da amarya za ta fara nuna amfaninta da shi. Na jawo kujera na hau, na buɗe gilashin, na miƙa yatsa.

"Amarya," in ji Mama daga bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba. "Sauka."

"Mama, agogon ne ya yi latti, zan gyara."

"Bai yi latti ba. Yana gaba. Rufe masa gilashi ka sauka."

Na rufe na sauka. A raina na ce to, an kawo ni gidan malamin lissafi, amma ba a san gaba da baya ba.

Da yamma muna tafiya coci koyon waƙa, Ticha ya ba ni labarin. Yana da ƙane, autan Mama, wanda a gidan ba a kiransa da komai sai Soja. Dako yake yi a tashar jirgi, da kuɗin dakon ya sayi agogon a hannun wani ma'aikacin reluwe da zai bar gari. Da aka fara yaƙin basasa ya shiga soja. Safiyar da zai tafi ya ari agogon hannu ya ruga tasha, ya ɗauko lokacin babban agogon can, ya dawo ya daidaita na bango da hannunsa. Ya ba Mama makullin da ake murɗa shi da shi, ya ce kada ta bari ya tsaya. Yaƙi ya ƙare, samarin unguwa suka dawo, wani da rediyo, wani da ƙafa ɗaya, duk bakinsu cike da burokin, Turancin bariki. Soja bai dawo ba, kuma ba a aiko an ce ya mutu ba. Ticha ya je Kaduna, ya je Inugu, ya dawo da alkawura.

Agogon kuwa yana da hali. Gaggawa gare shi, kowane mako sai ya ƙara minti ɗaya ko biyu. Mama ta hana a taɓa hannayensa, domin yatsan Soja ne na ƙarshe da ya taɓa su. Haka ya yi ta gudu shekara da shekaru, har lokacin da na zo ya wuce duniya da fiye da awa goma. Fuskar agogo kuma awa goma sha biyu ce kawai, shi ya sa a ido sai ka ga kamar yana baya da kusan awa biyu. Gaskiyar Mama ce, yana gaba.

"Yanzu ga inda matsalar take," in ji Ticha. "Wanda ya zagaya fili dole ya dawo inda ya fara. Wata rana agogon nan zai kamo lokacin rediyo. Mama ta ce ranar Soja zai shigo gida."

Na tambaye shi wa ya gaya mata haka, pasto ko mafarki. Ya ce ba ko ɗaya. Ita ta yanke wa kanta, kuma tunda ta yanke ta koma cin abinci, ta koma zumuntar mata, ta koma faɗa da masu sayar da itace. Shi ya sa bai taɓa yi mata gardama ba. A lokacin da ta faɗa ranar tana da nisa, ya ɗauka ba za ta taɓa zuwa ba.

Tsarin gidan kuwa ga yadda yake. A ƙarƙashin agogon akwai ɗan tebur, a kansa farantin tangaran. Cikin farantin akwai tsakuwa ɗaya da tarin ƙwayoyin masara. Tsakuwa awa ce, kowace ƙwaya minti. Kana son sanin lokaci, ka karanta bango, ka ƙara abin da ke faranti. Ba wai kullum ake ƙirgawa ba, kowa ya haddace adadin makon. Ran Lahadi bayan an dawo sujada an ci abinci, Ticha zai sa wa rediyo batir, ya kamo wata tashar ƙasar Turawa, mu yi shiru. In ta yi ƙarar nan tata ta cikar awa, mai magana ya ce ƙarfe uku agogon GMT, sai Ticha ya ƙara awa ɗaya ya zama huɗu ta Najeriya, ya dubi bango, ya faɗi tazarar. Mama ta cire ƙwaya ɗaya ko biyu ta jefa wa kaji. Daga nan ta hau kujera da kanta ta murɗa makulli. Ba ta san baƙi ba, amma a wannan lissafi ban taɓa ganin ta yi kuskure ba.

Na tambayi Ticha, tunda ya san gudun agogon, me ya hana ya lissafa na shekara guda a huta. Ya ce ai ba gudu ɗaya yake yi ba. Lokacin sanyi yana ƙara sauri, lokacin zafi jikinsa ya mutu kamar na kowa. Dole sai an riƙa tambayar rediyo. Na ce wato agogon ma sai an bi shi da lallashi. Ya ce in na daɗe a gidan zan ga duk danginsu haka suke.

Abin bai tsaya gidanmu ba, domin agogon yana bugawa, kuma muryarsa tana tsallake katanga. Maƙwabciyarmu Hajiya, mai man gyaɗa da ƙuliƙuli, wadda kakanninta ma a kasuwar Kafanchan suka yi ciniki, ta daɗe da koyon karatunsa. Da azumi sai ka ji ta daga bayan katanga: "Maman Soja, masara nawa wannan makon?" Mama ta faɗa mata, ita kuma ta san lokacin ɗora kunun buɗa-baki. Baƙi ne kawai ke shan wahala. Wani ɗan'uwan Ticha ya kwana wurinmu zai bi jirgin Jos, ya dubi bango ya ce da sauran lokaci, ya nemi a ƙara masa shayi. Yana kurɓa muka ji jirginsa yana sallama da gari.

Ni kaina ban san ranar da na shiga layi ba. Na dai lura wata rana a makaranta na dubi agogon ofishin hedimasta, na ƙara masa awa ɗaya da wani abu, na kusa sallamar yara tun lokacin tashi bai yi ba.

Akwai ranar da aka bar ƙofar falo a buɗe, wata jar kaza ta shiga ta hau tebur. Kafin in kore ta ta cinye mintocin gidan kaf, ta bar mana tsakuwa. Mama ta zo ta tsaya a kan farantin, hannu a ƙugu.

"A yanka shi a ƙirga," ta ce.

Ticha ya tuna mata cewa kazar ta ci wata masarar a tsakar gida da safe, in aka bi cikinta sai mu koma bara. Ni kuma na ce ai duk mun san adadin, a ɗebo wata a zuba. Mama ta ce adadin da ke kai daban, wanda rediyo ya shaida daban. Ranar Laraba ce, amma dole Ticha ya fito da batirin Lahadi. Aka jira cikar awa, aka sake cika faranti a gaban shaidu. Kazar dai ba ta tsira ba, ran Lahadi da ita muka ci shinkafa.

Wajen ƙarshen daminar shekarata ta biyu, Ticha ya dawo daga makaranta da wata mujalla a hammata, yana tafe kamar an ƙara masa girma. Turawa sun harba wani kumbo zuwa duniyoyi masu nisa, kuma a cikin bayanin ya ga abin da ya hana shi zama. Muna cin tuwo ya fara, da hannun miya yana zane a iska.

Ya ce kumbon yana da agogonsa a ciki, amma ba irin namu mai ƙarfe kaza da rana kaza ba. Ƙirga kawai yake yi tun daga lokacin da aka tayar da shi. Kuma ba ya tafiya daidai da na ƙasa, zafi da sanyi suna sa shi ya ɗan yi gaba ko baya. Duk hoton da ya ɗauka, duk saƙon da ya aiko, da lambar agogonsa a jiki. Mutanen ƙasa kuwa ba sa miƙa hannu su gyara shi. Lokaci-lokaci sukan dubi abin da agogon kumbo ya ce, su dubi nasu babban agogon da duniya ta yarda da shi, su cire daɗewar da saƙon ya yi a hanya, su adana tazarar. Da wannan tazara suke juya kowace lamba tasa ta koma ƙarfe kaza na ranar kaza.

Mama ta ajiye lomarta. "Su ma suna da faranti?"

"Nasu farantin inji ne, Mama."

"Amma ba su taɓa hannun agogo."

"Ba sa taɓawa. In suka taɓa, lissafin baya duk ya rikice."

Ta juyo ta dube ni sosai. "Ka ji ko, Amarya." Fiye da shekara da hawana kujerar nan, ashe ba a yafe ba.

Ta sa Ticha ya nuna mata hoton. Ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta ce ya yi kama da babban kwanon wanka da aka soka wa sanduna. Sannan ta tambaya, "Yaushe zai dawo?"

Ticha mutum ne da bai taɓa rasa amsa ba, ko bai sani ba sai ya yi bayani. Ranar sai da ya sha ruwa tukuna. "Wannan ba a yi shi don ya dawo ba, Mama. Tafiya kawai zai yi ta yi."

"To don me suna wahala da lokacinsa?"

"Don in ya yi magana su san yaushe ya yi ta."

Mama ta miƙa masa mujallarsa ta koma kan tuwonta. "Nasu ke nan," ta ce. "Nawa zai dawo."

A lokacin tsakuwa ta riga ta bar faranti, saura masara kawai, ita ma tana ƙarewa. Mama ta fara shiri. Ta sa aka sake cusa wa katifar ɗakin baya auduga. Ta sa aka shafe ɗakin da farar ƙasa. A coci ta shiga duban 'yanmatan ƙungiyar mawaƙa da wani irin ido, tana tambayata wacce ce ba ta da baki. Na ce mata mai hankalin cikinsu tana da saurayi, ta ce saurayi ba miji ba ne. Dariya nake yi, amma tsoro nake ji. Na riga na ƙaunaci tsohuwar nan da duk faɗanta, kuma ina ganin inda muka dosa. Ticha kuwa ya daina yi mana lacca a kan tuwo, abin da ya nuna mini lallai ba lafiya.

Sai agogon da kansa ya fara ciwo. Bugunsa ya dishe, tafiyarsa ta koma ta mai ɗingishi. Tun tafiyar Soja bai ga mai ba. Ticha ya ce in ba a wanke shi ba zai tsaya da kansa, in kuma za a wanke dole a tsayar da shi. Mama ta yi kwanaki tana juya maganar, sannan ta zo da dabararta. Ta ce in wutar murhu za ta mutu, ai garwashi ake ɗiba a ajiye a kasko. A ɗebi lokacin Soja a zuba a wani agogon, ya riƙe har a gama.

Agogon da aka zaɓa ya zama kasko shi ne nawa, na kawuna, wanda nake taƙama bai taɓa ƙarya ba.

Ticha ya je kasuwa ya taho da mai gyara, wani dattijo Bahaushe mai farin gemu da gilashi ɗaya da yake maƙalawa a ido. Baba mai agogo ake ce masa. Mama ta ce ba inda za a kai agogon, a falo za a yi a gabanta. Ya shimfiɗa tabarma, ya ji bayani, ya sake neman a maimaita masa.

"Wato in karkatar da wannan mai lafiyar ya bi marar lafiya, in wanke marar lafiyar, sannan in mayar da shi kan kuskurensa."

"Haka," in ji Mama.

"Tun da nake sana'ar nan ba a taɓa kirana in sa agogo ya yi ƙarya ba."

"Ba ƙarya ba ne. Lokacin yarona ne."

Baba ya dube ta, ya dubi Ticha. Ya juya agogona ya daidaita shi da na bango, ya ɗaura wa Mama a hannun dama, sannan ya kama ƙarfen lilon ya tsayar. Ban taɓa sanin falon nan yana da shiru haka ba. Mama ta zauna da hannunta a kunne tana sauraron nawa, tun hantsi har la'asar, ko ruwa da hagu ta sha. Baba ya wanke haƙoran ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, ya ɗiga mai, ya haɗa. Da aka zo mayar da lokaci, hannayen sun tsaya inda aka tsayar da su, dole a tura su. Mama ta hau kujera ta tura da nata yatsan, Baba yana faɗa mata inda za ta tsaya.

Abin da ban sani ba sai daga baya, a hanyarsu ta zuwa Ticha ya roƙi Baba ya cire wa agogon gaggawa. A ƙasan ƙarfen lilon akwai ɗan noti, in aka sassauta shi agogo ya rage sauri. Baba bai ga laifin wannan ba, ai aikinsa ke nan. Kuma ya iya aikinsa.

Lahadi ta zo, rediyo ya yi ƙara, Ticha ya faɗi tazara. Daidai da ta makon jiya. Ƙwayoyin ba su kai ashirin ba, kuma ba wadda ta fita. Mama ta ce sabon mai ne, bai saba ba. Lahadi ta gaba ma haka, ta ce batir ya yi sanyi, aka sayo sabo. Ta gaba ta ce Turawan ne suka yi wasa da nasu. Ga sanyi ya shigo, lokacin da agogon ya saba tashi da gudu, amma yana nan yana tafiyar dattawa. Hajiya ta daina tambaya ta katanga, tunda amsar ba ta canzawa. Mama ta rage ci. Ta daina zancen 'yanmatan mawaƙa. Da safe sai in same ta tsaye gaban farantin, ba ta ƙirgawa, kallo kawai.

Na ce wa Ticha ko ya san wani abu. Ya ce in bar maganar. Na ce ba zan bari ba, uwarsa tana ramewa a gabana. Muka yi faɗanmu na farko mai sunan faɗa, a bayan gida, da raɗa, ni da muciya a hannu. Ya ce gara ta yi ta jira da a ce ranar ta zo ta karya ta. Na ce ai yanzu ma karyewa take yi, a hankali ne kawai.

Ba sai da na kai ƙara ba. Wata Lahadi bayan rediyo ya gama, Mama ta ɗauki farantin ta ajiye a gaban ɗanta.

"Ticha, kai ne ka riƙe shi a hanya."

Ya fara bayanin mai da ƙarfe da yanayi. Ta bar shi ya yi nisa.

"Ni na haife ka," ta ce. "In kana ƙarya kunnenka yana motsi."

Ya dubi farantin. Can ya ce, "Mama, in ranar ta zo, shi bai zo ba fa?"

"Kana tsammani ban taɓa tunanin wannan ba? Kowace masara da na cire ina tunaninsa. Na gaji da zama a bakin hanya. Ka bar shi ya iso, ko da mutum, ko babu mutum."

Washegari Ticha ya koma kasuwa. Baba mai agogo ya zo, bai yi ko ƙorafi ba wannan karon. Ya buɗe gilashi ya ɗaure notin, ya ce ba zai iya rantsuwa ya mayar da shi daidai halinsa na da ba, amma gudu dai zai yi. Da zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Allah Ya sa mu ji alheri, Maman Soja." Ta ce amin, ta cika masa aljihu da citta.

Hannun Baba ya ɗan yi nauyi, agogon ya fi da sauri. Masara ta riƙa fita uku-uku. Mama ta dawo da cinta da faɗanta. Ni ce ma na rasa nawa cin, ga ciki na fari ina fama da shi, ga wannan.

Ranar Lahadin da muka san za a haɗu, tun asuba Mama ta share tsakar gida har waje. Bayan sujada ta tuƙa tuwon acca da miyar karkashi, ta zuba kwano huɗu, ta rufe ɗaya. Ta ɗaura zanen zumunta. Hajiya ta shigo da ƙuliƙuli a kwano, ta ce wucewa take yi, ta zauna. Ticha ya kunna rediyo. Aka buɗe ƙofar falo har bango.

Rediyo ya yi ƙararsa, agogo ya buga a kanta, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Na dubi hannuna na dubi bango, karo na farko bakinsu ɗaya ba tare da an juya wani ba. Mama ta kwashe 'yan ƙwayoyin da suka rage. Ba ta jefa wa kaji ba, ta ƙulle su a bakin zane. Muka zauna muna kallon ƙofa. Wani yaro ya wuce da garwar ruwa. Da jirgin yamma ya yi kuka, Mama ta fita ta tsaya a bakin titi, masu kaya a ka suna wucewa suna gaishe ta, har ƙafa ta ɗauke. Ta dawo ta ce jirgin Kudu ba ya zuwa kan lokaci, kowa ya sani.

Mako guda gidanmu yana da lokaci irin na kowa, kuma ba wanda ya ji daɗinsa. Ticha ya yi ta isa makaranta da wuri, domin idonsa ya saba ƙari. Hajiya ta ce ta rasa gane kan girkinta. Kowane jirgi ya yi kuka, na fasinja ko na kaya, Mama tana bakin titi. Kullum da yamma ta tuƙa sabon tuwo ta rufe kwano ɗaya, da safe ni nake ɗumama shi in ci don kada ta gan shi.

Lahadi ta zagayo. Muka zauna kamar kullum, faranti ba komai a ciki. Rediyo yana ta kiɗa, bai kai ga cikar awa ba, sai agogo ya buga. Ya buga huɗunsa ya gama, kiɗa bai tsaya ba. Muka jira. Ban san tsawon jiran ba, ban duba ba. Sannan rediyo ya yi ƙararsa.

Ticha bai faɗi tazara ba, ba wanda ya tambaye shi.

"Ya wuce," in ji Mama. Muryarta daidai take, kamar tana faɗin farashin gishiri. "Ya zo, bai tsaya ba."

Ta hau kujera ta murɗa makulli kamar yadda ta saba, ta rufe gilashi, ta sauko. Duk shekarun nan ba a taɓa yi wa Soja addu'ar mamaci ba, domin duk sanda dattawan coci suka kawo maganar, Mama korarsu take yi. Ta tsaya a gaban Ticha tana gyara ɗaurin zanenta.

"Je wurin pasto," ta ce. "Ka gaya masa ina so a yi wa yarona addu'a. Ya sa rana."

Ticha ya ɗauki takalminsa ya fita da shi a hannu. Mama ta shiga ɗakin baya ta turo ƙofa. Daga ciki na ji tana kiran sunansa, ainihin sunansa na yare, wanda tun zuwana gidan ban taɓa jin ta faɗa ba. Ta kira, ta sake kira, sannan kukan ya zo. Na kashe rediyo, na je na zauna a bakin ƙofar har ta gama.